Turaren Juma'a da Marin Ƙafata

Na iso Doha 'yan watanni kafin annobar korona, da lasin tuƙi da jakar kaya guda. Sunana Habu, mutumin Funtua ne ni, kuma tun ina saurayi ban san wata sana'a ba sai mota. Kamfanin da ya ɗauke ni ƙarami ne, na wani dattijo Balarabe da kowa ke kira Abu Nasir. Shi ne kafil ɗina, wato wanda zamana a ƙasar yake wuyansa. Aikina in ɗebi masu shara da masu ɗaukar kaya a bas in kai su filin jirgin Hamad, in dawo da waɗanda suka tashi daga aiki. Masaukinmu da garejin motocin suna Mu'aither, ofis kuma yana Al Mirqab, inda ba ma zuwa sai in an kira mutum.

Ɗaki guda aka haɗa ni da Baba Iddi, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Gadi yake yi a ƙofar gareji. Hausarsa irin ta can ce, ba ruwanta da mace ko namiji, mota ma "shi" yake ce mata. Da farko dariya nake masa, shi kuma ya ce mu 'yan Najeriya ne muka cika wa magana kaya. Shi ya nuna mini inda ake samun garin masara, shi ya koya mini in an ce yalla a yi sauri, in an ce khalas magana ta ƙare.

Da cutar ta shigo sai jirage suka ɗauke, aka jingine yawancin motocinmu. Aka rufe masallatai, ladan ya kira salla ya ce kowa ya yi a gidansa. Matata Rabi ta haihu a wannan tsakanin, a waya na ga sunan, ina zaune bakin gado ina kallon mutane suna cin naman ragon ɗana. Ban ce wannan ne ya sa na yi abin da na yi ba, don Baba Iddi ma yana da iyali a nesa, kuma shi Alƙur'ani ya riƙe. Ni na taɓa ɗanɗana giya tun ina yaron mota a tasha, na bari da na yi aure, na ɗauka kuma ta bar ni.

A bayan garejinmu akwai wani makanike, ba zan faɗi ƙasarsa ba don kada a shafa wa mutanensa. Yana sayar da wata aba da ake dafawa a ɓoye, fara tas kamar ruwa, a cikin robar ruwan sha. Sunanta sadiki, da Larabci wai abokina. Ranar farko cewa ya yi maganin barci ne, ni ma na yi kamar na yarda. Aka buɗe gari, jirage suka dawo, aiki ya dawo, ni ban daina ba. Ina tauna kanumfari, ina sa takunkumin fuska ko ba kowa kusa. Baba Iddi ya tambaye ni sau biyu, sau biyun na rantse masa da Allah ƙarya ne. Wannan rantsuwar ta fi shan kansa damuna har yau.

Wata safiya na tashi da sauran ta jiya a kaina, na hau bas zan fita ɗaukar ma'aikata. Maimakon birki na taka totur. Motar ta daki ginshiƙin ƙofar gareji, ƙarfen ya lanƙwashe, gilashi ya zube. Baba Iddi ne a bakin ƙofar. Da bai yi tsalle gefe ba da a kansa za ta tsaya. Na sauko, ya taso yana kakkaɓe wandonsa, ya matso ya janye mini takunkumi, ya shinshina. Ya sake ni ya koma bakin aikinsa. Da aka tambaye shi kuwa bai yi mini ƙarya ba, ya faɗi abin da hancinsa ya ji.

Aka kira ni Al Mirqab. Abu Nasir na zaune yana jan carbi, ɗansa Nasir, wanda ke tafiyar da kamfanin, yana tsaye yana fassara mini da Turanci a hankali. Dattijon ya ce abu biyu ya sani: ko ya miƙa ni ga hukuma, ko ya sa ni a jirgi in koma gida, kuma na biyun ma don darajar Musulunci ne. Na durƙusa ina ba da haƙuri, ina tuna yadda zan shiga Funtua a tambaye ni me ya dawo da ni. Sai Nasir ya yi magana da mahaifinsa da Larabci, suka daɗe, muryar tsohon ta hau ta sauka. Daga nan Nasir ya ce in biyo shi waje.

A barandar ofis ya ɗage jallabiyarsa ya nuna mini ƙafarsa ta hagu, sama da idon sawu, inda wani ɗan tabo yake. Ya ce lokacin da yake karatu a ƙasar Turawa an kama shi yana tuƙi a buge. Alƙali bai ɗaure shi ba, sai ya sa aka ɗaura masa wata na'ura a ƙafa wadda ke faɗa wa kotu in ya sha. Ya ce ita ta raba shi da giya, kuma kamfanin da ke yin ta yana ba wanda ya nema ko ba kotu. In na yarda zai sa a aiko, in sa ta, in bar tuƙi in koma wankin mota. In ta yi shiru har lokacin gasar cin kofin duniya, da za a buƙaci direbobi, a mayar mini da makulli. In ta yi magana ko sau ɗaya, khalas, jirgi. Ya ce ba dole, in je in yi tunani. Na ce ba wani tunani, na yarda.

Da ta iso, Nasir da hannunsa ya ɗaura mini, yana durƙushe a gabana, ɗan mai kamfani guda. Baƙa ce, ba ta fi sabulun wanka girma ba, da maɗauri mai tauri wanda ba ya kwantuwa sai an yanke. Yana ɗaurawa yana bayani. Ya ce duk abin da mutum ya sha, wani ɗan kaso yana fitowa ta fata tare da gumi, har gumin da ido ba ya gani. Kowane rabin awa na'urar takan zuƙi iskar da ke kan fatar ta auna, ta ajiye. Akwai wani ɗan akwati da za a jona a bangon ɗakinmu, shi ke karɓar abin da ta tara ya aika can ƙasar waje, masu na'urar kuma su sanar da shi Nasir. Tana kuma da ido mai lura da tazararta da fata da ɗumin jiki, don haka in na cusa wani abu a tsakani za ta sani.

Na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa yi mata dabara. Ya yi dariya ya ce shi ya gwada leda, ya gwada safa, wani abokinsa har fatar kaza ya cusa, dukkansu ƙarin wa'adi suka samu. Ya ce in yi wanka yadda na saba amma kada in tsoma ƙafar cikin bokiti. Sannan ya jero abubuwan da kada su kusance ta saboda akwai sinadarin giya a cikinsu: man goge hannu na korona da ke kowace ƙofa, ruwan kurkure baki, ruwan goge gilashi, da wasu sunaye na Turanci. Ina ta cewa yes, yes. Wasu na gane, wasu kunya ta hana ni in ce ban gane ba.

Ni mari na sa mata suna, don abin da ta tuna mini ke nan, irin wanda ake sa wa mahaukata da fursunoni. Baba Iddi kuma agogo yake ce mata. In ta yi ɗan gurnaninta na rabin awa muna cin abinci sai ya kira ni masa, wato maigida a bakin mutanen Kumasi, ya ce, "Masa, agogonka ya gaishe ka, ka amsa mana."

Makonnin farko ban ji daɗi ba. Hannuna na karkarwa, barci ba ya zuwa, abinci ba ɗanɗano. Maɗaurin ya goge mini fata. Ina wanke bas a rana da ruwa da omo kawai, gilashi kuma wani ke gogewa don kada feshin ya sauka a ƙafata. In Rabi ta kira ta bidiyo ba na barin waya ta sauka ƙasa da ƙirjina. Makaniken nan in ya hango ni sai ya ɗaga robar ruwa yana murmushi, ni kuma in ji ƙarfen a ƙafata in wuce. Ba tsoron Allah ne ya fara hana ni ba, gaskiya tsoron marin ne. Tsoron Allah daga baya ya dawo, a hankali, da na fara tashi da asuba kaina garau. Baba Iddi, mutumin da na kusa takewa, shi ke dafa mini shayi da citta, shi ya samo mini auduga da man shafawa na gurjewar. Bai taɓa tayar da maganar ƙofar gareji ba.

Haka muka tafi har gari ya fara cika da tutoci, ana fentin tituna, ana kawo sababbin motoci. Nasir ya ce mini saura kaɗan. A nan na yi wautar da ta kusa mayar da ni gida.

Zafin Doha ba a ba da labarinsa. Ƙarƙashin maɗaurin gumi yake taruwa, kuma duk wankin da na yi sai wani ɗan wari ya saura. Wata Juma'a a sahu, an haɗa ƙafa da ƙafa, wani bawan Allah da ke gefena ya ji ƙarfe ya taɓa shi. Ya duba ƙasa, ya dube ni, ya janye ƙafarsa. Wataƙila mamaki ne kawai, amma ni na sa a raina warin ya ji. Juma'ar da ta biyo, bayan na yi wanka na sa farar shadda, na ɗauki kwalbar turaren feshi da na saya a kasuwa na fesa a wuya da hammata kamar kullum. Sai na ɗage wando na fesa wa marin, sama da ƙasa, har da safar, sai da wurin ya jiƙe. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Turare ne fa, abin da ake so Musulmi ya sa ranar Juma'a. Wa zai ce akwai abin da ya haɗa shi da giya?

Washegari da hantsi Nasir ya kira. Muryarsa ba irin wadda na sani ba ce. Ya ce saƙo ya shigo, na'ura ta ji giya jiya, kuma da yawa. Na ce wallahi ban sha ba. Ya tambaya ko na zuba wani abu a ƙafar, man goge hannu ko wani magani. Na ce babu, don a tunanina babu ɗin ne. Ya ce mahaifinsa ya ce a yanka mini tikiti, amma shi ya roƙa a jira, don wannan saƙon na'ura ce ta turo da kanta, akwai mutanen da ke zama su duba yadda awon ya hau da yadda ya sauka kafin su tabbatar, kuma suna hutun ƙarshen mako. Ya ce in zauna a ɗaki, kada in taɓa mota ko da wanki ne.

Na faɗa wa Baba Iddi, na rantse masa. Ya dube ni ya ce ya ji. Na san me yake tunawa, kuma ba ni da bakin cewa ya yarda da ni.

Abin da na yi da la'asar ɗin ranar shi ne abin kunyar. Na ce a raina tunda an riga an yanke, na sha wahalar banza, ƙarfe ya yi mini ƙazafi, to bari in sha da hujja. Na zagaya bayan gareji. Makaniken bai tambaye ni komai ba, ya miƙo roba, ya ce ya san zan dawo. Na sa ta cikin leda na shigo ɗaki, na zauna bakin gado na ajiye ta tsakanin ƙafafuna. Ban buɗe ba, ban kuma mayar ba. Ina nan zaune Baba Iddi ya shigo ɗaukar butarsa. Ya ga ledar, ya gane.

Bai yi wa'azi ba. Ya jawo kujera ya zauna a gabana ya ce, "Habu, sun kore ka?"

Na ce saura ƙiris.

"Ban tambaye ka ƙiris ba. Sun kore ka?"

Na ce tukuna.

"To ka bari su kore ka. In ka shiga jirgi ka sha duk wanda ke ciki, ba ruwana. Amma yau agogon nan yana ƙafarka, yana rubutu. In jiya ƙarya ya yi, yau kai za ka mayar da shi mai gaskiya."

Na ce ai shi ma bai yarda da ni ba. Ya ce ƙwarai bai yarda ba, ya taɓa yarda sau biyu. Amma in da gaske ban sha ba, to a duk Doha ba ni da mai shaida sai wannan ƙarfen, don shi kaɗai ne ba ya rabuwa da ni. Ya miƙo hannu. Na daɗe kafin na ba shi ledar. Ya fita da ita, na ji ya kunna famfon banɗaki, ya dawo yana cewa ko kyankyasai sun gudu. Ranar ya nemi wani ya riƙe masa gadi, ya zauna da ni, ya sa ni na tsince masa shinkafa.

Sai bayan kwana biyu aka kira ni Al Mirqab. Na tafi da jakata a ɗaure, don na ɗauka daga can sai filin jirgi. Nasir ya juyo mini da kwamfutarsa. Wani layi ne a kwance, shafe-shafe, sai wuri guda ya yi tsalle sama kamar an soka tsinke, ya faɗo nan da nan. Ya ce mutanen sun duba. Giyar da aka sha ba haka take ba. Sai ta bi ciki ta shiga jini kafin ta fito ta fata, don haka layinta a hankali yake hawa, ya daɗe a sama, ya gangaro a hankali kamar tudu, don jiki ba ya iya ƙone ta da sauri. Wannan kuwa daga waje aka zuba, ta bushe ta tafi. Sun rubuta cewa ba sha ba ne. Ya nuna mini lokacin, gab da sallar Juma'a, ya ce in tuna me na yi.

Na ce ban yi komai ba, wanka na yi, na sa kaya, na fesa turare.

Ya ce a ina na fesa. Na nuna masa. Ya dafe kai ya ce ai ya faɗa mini tun ranar farko, kolon, kolon, wato turaren feshi. Na ce wallahi na ɗauka kolon sunan wata giya ce ta Turawa, shi ya sa na ce ba zan kusance ta ba. Ya yi dariya har ya zauna. Ya ce yawancin turaren feshi da sinadarin giya ake haɗa shi, shi ya sa yake sanyi a fata ya bushe da wuri, in ina so in nemi na mai wanda ake shafawa, shi ma nesa da ƙafar.

Muka shiga wurin Abu Nasir. Ɗansa ya yi masa bayani, tsohon ya saurara yana jan carbi. Ya ce a gaya mini ya zarge ni a kan abin da ban yi ba, in yafe masa. Ya jawo aljihun tebur ya fito da makullin bas ya ajiye a gabana, ya ce baƙi sun fara sauka, gobe in fara.

Da na ɗauka na fita, da ba wanda zai sani, don Baba Iddi ba mai kai magana ba ne in ba a tambaye shi ba. Amma dattijo mai furfura ya nemi gafarata, na ji ba zan iya karɓa a kan rabin labari ba. Na ce wa Nasir ya fassara: ranar Asabar na je na sayo, na kawo ɗaki, da niyyar sha. Nasir ya dube ni kamar ya ce in yi shiru, amma ya fassara. Carbin ya tsaya. Marin ya yi gurnaninsa a ƙafata.

Abu Nasir ya tambaya, "Ta shiga cikinka?"

Na ce a'a, Baba Iddi ya karɓe ya zubar.

Ya juya ga ɗansa ya tambayi me na'ura ta ce a kan Asabar. Nasir ya duba ya ce layin a kwance yake. Tsohon ya juyo gare ni. Sannan ya ce da niyyarsa a yanke mini ƙarfen yau, amma yanzu ya fasa, zai zauna a ƙafata har a gama gasa baƙi su watse, kuma ko bayan nan sai ya ga dama. Makaniken kuwa ya ce in bar masa, shi ya san abin da zai yi. Na ce na gode, hakan ma ya fi mini, kuma har zuciyata na faɗa.

Ya tura makullin da yatsa har ya zo bakin tebur ta wajena.

"Yalla," ya ce. "Jirgin safe ba ya jiran direba."

Na sa hannu biyu na ɗauka.